Muryar Inna da Na Sa Aka Share

Na ji abin da kuke faɗa a bayan idona, ba sai wani ya kawo mini tsegumi ba. Kun ce ni na sa aka share muryar kakarku daga na'ura, abin da yau da kun kunna kun ji sanyi, gobe ku kunna wa ƴaƴanku. Gaskiya ne, ni na sa. Ba wanda ya tilasta ni, kuma ba cikin fushi na yi ba. Baffanku Sani ya riga ya ba ku nasa labarin, ya ƙara mishi gishiri yadda ya saba. Ni ban iya tsara zance ba, lakol ɗina, wato karatun boko, bai wuce karanta allon hanya ba. Amma zan rubuta yadda abin ya faru, wanda ya ga dama ya yarda.

Ni ne ɗan farin Inna. Ku na yanzu ba ku san nauyin wannan maganar ba, tunda kun tashi kuna ganin uwa ta rungume ɗanta na fari ana ɗaukarsu hoto. A ƙauyenmu da ke arewa da Cadawa, a wancan zamanin, mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san yana gidan. Ana yaye ni aka miƙa ni wurin Iya, uwar ubanmu, a wani ƙauyen gaba, ban dawo ba sai da na isa riƙe hauya. Da na dawo, sunana a bakin Inna shi ne "wancan". Da na girma na sayi amalanke ina jigilar kaya ranar kasuwa, na samu ƙarin girma, na koma "mai amalanke". In ta gama tuwo, bango take kallo ta ce a kai wa mai amalanke, kar ya ce an hana shi. In za ta yi mini faɗa, akuya take yi wa, ni kuma ina tsaye ina ji. Na san al'ada ce, kowa ya sani. Sai dai al'adar ma tana sassautawa da tsufa. Na ga tsofaffi da yawa sun samo wa ƴaƴansu na fari wani laƙabi mai taushi, har su zauna tabarma ɗaya su yi hira. Inna ba ta taɓa sassautawa ba. Sani kuwa ta kira sunansa daga ƙofar gida har maƙwabta su ji, ta ja mishi kunne yana da gemu. Dije, autarmu, gwaggonku, har ta yi aure tana ɗora kai a cinyarta. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har uwarku, amma na yi furfura ina tambayar kaina ko kunyar ce kaɗai, ko akwai wani abu a ƙarƙashinta. Da zagi ne ma, in dai da sunana a ciki, da na karɓa hannu biyu.

Dije ita ce ta yi karatu a gidanmu. Tana aiki da wata ƙungiya a Maraɗi, masu bin ƙauyuka suna ɗaukar maganar tsofaffi, su rubuta ta, su ajiye, wai kar tsohuwar Hausa ta tafi da masu ita. A ranin shekarar da nake ba ku labari, ta zo gida da ordinatar ɗinta, wato kwamfuta, da wata ƴar na'urar ɗaukar murya, ta zaunar da Inna gindin itacen bedin da ke tsakar gida, ta yi ta jan ta da hira a kan abincin shekarun yunwa, yadda ake jiƙa anza a fitar da ɗacinta, ganyen da ake ci da wanda ba a ci. Na dawo daga kasuwa da la'asar, ina kwance wa san da ke jan amalankena kaya, sai na ji muryar Inna ta tashi. Ban taɓa jin ta haka ba. Na leƙa, na gan ta tsaye, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Ki hidda shi, Dije. Yanzu, ina gani."

"Haba Inna, ba wanda zai ji sai mu."

"Na ce ki hidda shi! Ke da na haifa za ki tsiraita ni?"

Dije ta buɗe ordinatar, ta nuna mata wani ɗan layi, ta danna, layin ya ɓace. Inna ta sa ta ɗaga ordinatar ɗin ta duba ƙarƙashinsa. Daga nan ta juya ta kalli turken awaki, ni kuwa ina bayanta.

"A gaya wa mai amalanke shi ne babba. Ya tsaya a kan maganar nan. Ko bayan raina ban yarda wani kunne ya ji ba."

Na ce to, ban san ma me na amsa ba. Na tambayi Dije daga baya, ta ce zancen mata ne, in bar shi. Na bar shi. Amma ku lura, tun da nake a duniya Inna ba ta taɓa ɗora mini wata amana ba sai wannan.

Damina ta faɗi, muna tsakiyar noman farko zazzaɓi ya kama ta. Muka kai ta likita a Agiye a amalankena, kwananta kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Ba zan tsaya a nan ba, kun san sauran, da yawanku kuna wurin.

Bayan an yi girbi, ina gona ina ɗaurin dammuna, sai ga Dije ta sauka daga kabu-kabu ta biyo ni har can, da takalmin birni cikin ƙaya. Tun daga nesa na san ba lafiya ba. Muka zauna inuwar gawo, tana wasa da karan gero ta fara magana.

"Yaya, abin nan na Inna ya dawo."

"Wane abu?"

"Maganar da ta ce a share."

"Ba a gabana kika share ba? Ko ƙarya kika yi wa tsohuwa?"

Ta rantse ba ƙarya ta yi ba. Ta yi mini bayani, na kasa ganewa, na ce ta sake da Hausar mutane. Abin da na fahimta shi ne, ma'ajiyar da suke aiki da ita ba ta san jefarwa ba. An gina ta ne don mutane da yawa su yi aiki ɗaya ba tare da wani ya ɓata na wani ba. Duk gyaran da aka yi, ba ta goge na jiya, sai dai ta ɗora na yau a kansa, na yau yana riƙe da na jiya, na jiya yana riƙe da na shekaranjiya, har zuwa ranar da aka fara. Kafin Inna ta farga ta tada rigima, an tashi sallar azahar, Dije ta riga ta shigar da hirar safe a ma'ajiyar. Sharewar da ta yi da la'asar, a wurin na'urar, wani sabon gyara ne kawai da ke cewa daga yau babu wannan. Jiya kuwa tana nan da kayanta. Na ce mata wannan ai sabara ce. Ka sare ta ka daidaita da ƙasa, gona ta yi fes, saiwar na nan, ruwan farko ta tofo. Ta ce haka ne, kuma ita ma ta tuna da hakan bayan ta koma Maraɗi, ta bi baya ta tone abin daga tushe a nata ordinatar da kuma babbar ma'ajiyarsu. Abin da ba ta sani ba, wani abokin aikinta, Malam Lawali, mai kula da ƙauyukan Gidan Rumji, ya riga ya kwafi komai kafin ta tone. Ya buɗe nasa reshen aikin daga wannan tsohuwar ranar, ya tafi daji ya yi watanni. Da ya dawo ya tura aikinsa, reshen ya jawo duk abin da yake riƙe da shi, har da muryar Inna.

Na ce to a sake sharewa mana, me ya kawo ki gona? Ta ce wannan karon ba ita kaɗai ba ce, sai ƙungiya ta yarda, kuma suna son jin bakin babban gida. Sannan ta ce akwai abin da ya kamata in sani kafin in yanke.

"Yaya, sunanka ta kama a ciki."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta ce hira ta yi wa Inna daɗi, ta manta da na'ura, sunan ya kuɓuce mata. Sai da Dije ta mayar mata da hirar ta ji, ta ji kanta da kunnenta, shi ne ta miƙe tsaye. Na tashi na ci gaba da ɗaurin damin da na bari, na ɗaure shi na kwance, na sake ɗaurewa, igiyar ta ƙi zama.

Magana ba ta kwana a gidanmu. Washegari da hantsi Sani ya shigo, wayar salula a hannu, ya tarar da ni ina ba sa dusa.

"Yaya, ashe akwai muryar Inna kuka ɓoye? A turo mini, in tura wa dangi."

"Ba za a tura ba. Sharewa za a yi."

"Sharewa? Kai ka san abin da kake faɗa? Mutane na neman ko tarin uwarsu su ji, ba su samu ba!"

"Ita ta ce."

"Ta ce don kunya, kuma kunya ta mai rai ce. Yanzu wa za ta ji wa kunya, kabari?"

"Ta ce ko bayan ranta. Ina tsaye a wurin."

"Kai dai ba ka taɓa damuwa da ita ba, shi ya sa."

Wannan maganar ta shige ni, har yau tana nan. Da ina da saurin hannun da, da mun ba maƙwabta abin kallo. Uwarku ce ta fito ta ce, "Sani, fura na nan in za ka sha, in ba za ka sha ba hanya na nan." Ya zaɓi hanya. Kuma kar ku ce na ce Sani mugu ne. Yana son uwarsa, ya kuma yi gaskiya a rabin maganarsa, shi ya sa ta yi zafi.

Na bi Dije Maraɗi a taksin daji. Buron nasu, wato ofishinsu, ɗaki ne mai fanka da tebura, da wayoyin lantarki ko'ina kamar yaɗon kabewa. Malam Lawali dogon mutum ne mai fara'a, ya girme wa Dije, ya yi mini ta'aziyya da kyau, ya ba ni haƙuri a kan abin da ba laifinsa ba ne. Amma bai ɓoye mini ba ya son aikin. Ya ce dokarsu ita ce ba a taɓa abin da ya wuce, domin da zarar an tone tushe, duk mai kwafi, na Gazawa da na Cadakori da sauransu, sai ya zubar da nasa ya ɗauko sabo, wanda ya manta kuma zai sake dawo da abin kamar yadda shi ya yi. Ya ce ana iya kulle hirar, ba mai ji sai da izinin gidanmu. Na ce tsohuwar ba kullewa ta ce ba. Ya ce hirar na da amfani, irin Hausar Inna ta yi wuya yanzu. Na ce ku riƙe abin da kuka rubuta na anza da ganye, wannan ba ta hana ba, muryar ce ta hana. Ya kalli Dije, ya kalle ni, sai ya jawo wani abin sa wa a kunne ya miƙo mini.

"To Alhaji, ka ji ko sau ɗaya kafin a taɓa. Naka ne. Ba wanda ya fi ka haƙƙi a kansa."

Ban je Makka ba, amma ban gyara mishi ba. Na karɓa. Na riƙe abin nan a hannu, ba shi da nauyin komai. Ga layin a fuskar ordinatar, ga yatsan Lawali a kan madanni. Ba zan yi muku ƙaryar waliyyai ba, na so in ji fiye da yadda na taɓa son wani abu. Na gaya wa kaina ba mai sani, na gaya wa kaina ni ne mai sunan. Amma ba wani kunne ta ce ba? A duk kunnuwan duniya, wanne ta fi gudu in ba nawa ba? In Sani ya ji, ko mutanen Maraɗi, abu ne mai sauƙi a wurinta. Ni ne dalilin da ya sa ta rufe fuska. Kuma ni ɗin ta zaɓa ta ba tsaro, alhali ga Sani da take kira da suna. Na ajiye abin a tebur.

"Ku yanke."

Suka yi ta aiki har azahar, ni ina zaune ina kallon fanka. Suka cire reshen Lawali daga tsohuwar ranar suka dasa shi a sabuwa. Suka gano wata alama da aka sa wa aikin rani, ita ma tana nuni can, suka cire ta. Dije ta kira sauran abokan aikin ɗaya bayan ɗaya a salula, tana cewa kowa ya zubar ya ɗauko sabo. Na Gazawa ya yi ta gunaguni, ya ce ba shi da rezo, waya ba ta kamawa sai ya hau tudu, ta ce to ya hau. Da suka gama na ce shi ke nan? Lawali ya sosa ƙeya. Ya ce yanzu dai babu sauran suna ko reshe da ke riƙe da hirar, ta zama kamar dabbar da aka kwance aka bari a fili. A nasu ordinatar sun kore ta nan take. Amma a babbar ma'ajiyar, wadda ke can wata ƙasa, tana nan kwance, duk wanda ya san lambarta zai iya kiranta ta amsa, har sai mai sharar wurin ya zagayo. Mai sharar ba mutum ba ne, wani aiki ne da na'urar ke yi da kanta lokaci zuwa lokaci, ta kwashe duk abin da ba kowa a bayansa. Sun aika da roƙo a hanzarta, sauran sai jira. Na ce wa ya san lambar? Dije ta ce ita da Lawali.

Wannan jiran shi ne mafi wuya a duk shekarar, ya fi ranar buro. A buro sau ɗaya na ce a'a. A gida kuwa kullum sai na sake faɗa. Ina kan amalanke zuwa Cadawa da buhunan wake, sai in tuna tana nan, kira ɗaya ne ga Dije. Na taɓa ciro salula har na nemo sunanta, sa ya kauce hanya ya nufi gonar mutane, na mayar da ita aljihu na ja akala. Ga tsoro kuma ta ɗayan gefen, kar wani can ya manta ya tura tsohon kwafi, abin ya sake tofowa, in koma inda na fito. Na rame, uwarku ta ɗauka ciwo ne, ta yi ta dafa mini sassaƙe. Sani ya daina shigowa, in mun haɗu a masallaci sai gaisuwar baƙi. Har yau ba mu koma yadda muke ba, ku ma kun gani. Wannan yana cikin kuɗin da na biya, kuma ban ce ya yi arha ba.

Sanyi ya fara ja baya lokacin da Dije ta aiko in zo. Na tarar da ita ita kaɗai a buro, Lawali ya tafi ƙauye. Ta buɗe ordinatar, ta rubuta wata doguwar lamba mai haɗe da baƙaƙe, ta danna. Na'urar ta yi ɗan jim, ta fito da gajeren rubutu. Na ce me ta ce? Ta ce wai ba ta san wannan abin ba. Na ce ki sake. Ta sake, amsa ɗaya. Ta nuna mini rubutun hirar anza, yana nan lafiya, a samansa akwai wurin da a da in an danna murya ke fitowa. Ta danna, bai kai ko'ina ba, kamar ƙofar da aka bari tsaye bayan ɗakin ya rushe. Ta ce za ta cire shi don kar ya ruɗa mutane. Na ce ta bar shi, duk wanda ya zo ya san a nan wata tsohuwa ta yi magana, kuma ta ce a bar mata abinta.

Wani abu ya sauka daga kafaɗata, irin saukar da sa ke ji in an cire mishi karkiya da yamma. Na zauna na yi hamdala. Sai a lokacin, da na tabbata ba sauran abin da zan iya ɓatawa, na yi tambayar da ke cina tun ina yaro.

"Dije, abu ɗaya. Da ta kama sunan, cikin fushi ne?"

Ta kalle ni kamar na yi hauka.

"Fushi? Yaya, dariya take har da hawaye. Wai a shekarar yunwar ta je garin Iya da ɗan dambu a ƙwarya, ta ce na Iya ne. Ta laɓe bayan danga tana kallonka, kana ta kokawa da ɗan akuya a kan ƙwaryar, ɗan akuyan ya kayar da kai, ka tashi ka cije shi a kunne. Nan sunan ya fito."

Ban tuna da ɗan akuyan ba, ban tuna da dambun ba. Ban taɓa sanin ta zo garin ba. Na juya na kalli taga na daɗe, Dije ta yi kamar tana gyara wayoyi.

Can ta ce, a hankali, "In kana so, in faɗa maka yadda ta faɗe shi. Na iya muryarta."

Na share fuska da hular kaina.

"Ke da wane bakin? Tun da aka haife ki Yaya kike ce mini. Rufe abin nan ki kai ni inda ake sayar da tuwo, yunwa nake ji."